Takardar da Ta Daɗe a Aljihuna

Na dawo gida Anka a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in, bayan na sha yawon duniya har ya ishe ni. Na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Takoradi, na yi wa wani ɗan kasuwa akawu a Fort-Lamy, na tsinci auduga a Sudan a hanyata ta zuwa Makka. Abin da na dawo da shi bai wuce harsuna huɗu ko biyar da ciwon gwiwa ba. Da ɗan Turancin da na tsinta a hanya aka ɗauke ni mai kula da sito a wani ofishin lafiyar dabbobi. Aikina shi ne in ajiye magunguna, in tabbata firijin kananzir bai mutu ba, in ba masu yi wa shanu allura abin da za su tafi da shi daji.

Shekara ba ta zagayo ba ma'aikata suka zaɓe ni sakataren reshen ƙungiyarmu, wanda ya haɗa Anka da Bukkuyum da Gummi. Dalilinsu shi ne na taɓa ganin yadda ake ƙungiya a wata ƙasa, kuma na iya buga tafireta da yatsa biyu. Aka ba ni ɗan littafin ƙa'idoji mai koren bango. A cikinsa an tsara yadda ma'aikaci zai bi idan an cuce shi: ya fara da magana da shugabansa, idan ba a daidaita ba ya rubuta koke, idan kuwa sallama ce, ya ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin sulhu, inda wakilan hukuma da na ma'aikata suke zama tebur ɗaya. Takardar ƙarar sai da sa hannun mai ita, kuma sai ta isa cikin kwana goma sha huɗu daga ranar da aka karɓi takardar sallama. Na san wannan layi kamar Fatiha. A Takoradi na ga wanda ya rasa haƙƙinsa saboda ya makara da yini ɗaya, a Fort-Lamy kuma na ga akawun Faransa yana rubuta har ƙarfe nawa takarda ta shigo. Ni ne nake tara ma'aikata a gindin darbejiya ina ce musu, “Takarda ma tana da ajali, kada ku kwana da ita.” Har Gusau na je aka sassaƙa mini hatimin reshe, ina yawo da shi a aljihu kamar goro.

A cikin masu allurar akwai wani Bafulatani da ya girme ni da kaɗan. Danginsa suna ruga a kudu da Bukkuyum, suna noma suna kiwo. Ya yi shekara goma sha bakwai yana wannan aiki. Dogo ne, siriri, yana da wani tsohon keke da ya fi tura shi a kan hawansa. Ranar da ya ji cewa Innata Babarbariya ce, shi ke nan na shiga uku. Kullum ya shigo sito sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ina bawana? Taso ka karɓi jakar ubangidanka.”

In ce, “Bafulatanin da ba ya da ko akuya shi ne ubangida? Shigo dai in sammaka shayi, na san tun jiya ba ka ci komai ba.”

Ya ce, “Wanga shayi naka ko maraƙi aka ba sai ya yi zawo.” Ya zauna ya shanye, ya miƙo kofi a ƙara.

Amfaninsa a wurin aiki ba a rubuce yake ba. An daina karɓar jangali a lokacin, amma tsoronsa bai fita daga zukatan makiyaya ba. Da sun hango mutumin gwamnati sai a kora rabin garke cikin kurmi. Shi kaɗai ake buɗe wa garke duka. Don haka idan ya shiga daji sai ya yi mako biyu ko uku, yana bin su daga mashaya zuwa mashaya, yana kwana inda suka kwana.

Sai aka kawo mana sabon shugaba, saurayi mai ilimi, ba mugu ba ne, amma bai san daji ba. Ya buɗe littafin sa hannu, ya ce kowa ya zo da safe ya rubuta sunansa. Na je na yi masa bayani cewa masu allura ba za su iya ba, ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Aka rubuta wa abokina takardar tuhuma ta farko yana daji. Aka rubuta ta biyu yana daji. Duka biyun suna cikin akwatin ofis, bai ma san da su ba. Cikin bazara, wata ranar Litinin, masinja ya shigo sito da ambulan da littafin karɓar wasiƙu a hammata, ya ce, “Malam Sakatare, ta mutumenka ce. An ce in kai mai hannu da hannu, ga shi kekena ba ya kai Bukkuyum cikin wagga rana.”

Ambulan ɗin a buɗe yake. Sallama ce, saboda barin wurin aiki ba da izini ba. Raina ya ɓaci, amma ban tsorata ba, domin na ga inda za mu kama su. Ƙa'ida ta ce ba a sallamar mutum sai an zauna da shi tare da wakilin ƙungiya, kuma ba a yi wannan zaman ba. Ga shi da makiyaya da za su yi masa shaida har su gaji. Na ce wa masinja ya kawo, ni zan kai. Na sa hannu a littafin, sannan na ciro hatimin ƙungiya na danna a ƙasan sunana, don in shugaba ya buɗe ya san cewa mun gani kuma muna tafe.

Washegari na hau babur na nufi rugarsu, domin na ji ya fito daga daji ya biya gida. Tun daga nesa na ga abin da ban so ba. Maza zazzaune a kan tabarmi a gindin wata tsamiya, takalma a jere, babu mai magana. Na kashe babur na tura shi. Wani ya tare ni ya faɗa mini a hankali: ɗan farin abokina ne, matashi mai mata da jaririya, sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana biyu. Jiya aka rufe shi, a daidai lokacin da nake danna hatimi a Anka.

Wanda bai zauna da Fulani ba zai ɗauka mutumin nan ba shi da zuciya. Ɗan fari a wurinsu abin kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, kakarsa ce take rainonsa. A duk zamanmu ban taɓa jin ya ce “ɗana” ba, sai dai “wancan na wurin Inna”. To, wanda ba ka kira sunansa yana raye ba, ba ka da bakin yi masa kuka ranar da ya mutu. Na tarar da shi zaune a gefen tabarma, fuskarsa a sake, yana karɓar gaisuwa kamar ta maƙwabci ce. Da ya gan ni har ya yi murmushi ya ce, “A'a, bawana ya ji ƙanshin fura. Ku ba shi wuri, kada ya zauna bisa tabarmar 'ya'ya.”

Na durƙusa na yi masa ta'aziyya da Fulatanci. Ya riƙe hannuna yana amsawa. Ya matse shi har ƙashi, ta yadda na kusa ba za su lura ba. Takardar tana aljihun gaban rigata, tsakanina da shi bai fi taƙi ɗaya ba.

Na zauna a gidajen makoki a ƙasashe da yawa. Na ga inda ake kiɗa da rawa, na ga inda mata suke zuba ƙasa a ka, na ga inda ake raba gahawa shiru. Ban ga inda baƙo yake shiga da masifa ta biyu a hannu ba. Da la'asar na ja ƙanin mahaifinsa gefe, dattijon da kowa a rugar yake kira Baffa, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, “Ɗana, takarkarin da yaf faɗi ba a ƙara mai kaya sai ya tashi. Bari a yi bakwai. Takarda ai ba nono ta ba, ba ta tsami.”

Na san tana tsami. Ni ne mutum ɗaya a duk wurin da ya san haka. Amma na yi lissafi da yatsuna: in aka yi sadakar bakwai, saura mako guda cif. Zan zo da takardar ƙara a buge, ya sa hannu kawai, in kai ta da kaina. Na ga kamar na sami hanyar da zan cika wa al'ada haƙƙinta in cika wa doka nata. Na zauna har aka yi sadakar uku, na koma Anka, na buga ƙara mai shafi biyu, wadda har yau ina jin ban taɓa rubuta abin da ya fi ta tsari ba.

Ranar Talata ta sama na koma rugar. Tabarmi an naɗe. Baffa ya fito yana gyara rawani, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce jiya da asuba abokina ya ɗaura jakarsa a keke ya tafi. Wai ya ce musu shanun mutane suna mutuwa da ciwon sammore a kudu, ga sauran magani a jakarsa, kuma gwamnati ba ta biyansa don ya zauna. Baffa ya so ya tsayar da shi, amma tsayar da shi sai da faɗin dalili, shi kuwa ya ga ba bakinsa ya kamata maganar ta fito ba. Mutum ya koma bakin aikin da aka kore shi tun kwana takwas, domin can ne kaɗai zai iya kaɗaita da abin da ke ransa.

Na bi shi. A bazara shanu suna gangarawa wajen Gulbin Ka neman ruwa, garkuna a warwatse. Duk rugar da na tsaya na yi sallama da Fulatanci na tambaye shi, sai a karɓe ni da fara'a, a kawo nono, a ce ai jiya ya wuce, ya yi gabas. In yi gabas a ce ya yi yamma. Kwana uku ina wannan kafin na gane abin da ake yi mini. Sun ga baƙo a kan babur mai lambar gwamnati, da Fulatanci irin na gabas wanda ba nasu ba, yana neman mutuminsu da takarda a hannu. Suka yi masa abin da suke yi wa shanunsu, suka ɓoye shi. Na rantse, na yi bayani, na ce taimakonsa na zo yi. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, “Duk wanda yaz zo da takarda hakan ga yaka cewa.”

Taya ta fashe mini a wani fako, na yi yini guda ina tura babur. Na koma na ɗauko Baffa a bayana, tsoho da shi, muka sake shiga. Da aka gan shi tare da ni, a ruga ta biyu aka nuna mana hanya. A daren da na koma ɗauko Baffa na zauna da takardar ƙarar da alƙalami, na san yadda yake rubuta sunansa da ajami, na sha ganinsa a sito. Na ɗora alƙalamin na ɗaga. Ban iya shigar da mutum ƙarar da bai san da ita ba, da hannun da ba nasa ba. Har yau ban san ko tsoron Allah ne ya hana ni ko tsoron a kama ni.

Mun same shi ranar Talata da hantsi, kwana goma sha biyar da sa hannuna. Yana tsakiyar garke, an kayar da wani bijimi, ya durƙusa a wuyansa da sirinji. Ya rame ƙwarai. Ya ɗago ya gan mu, ya ce, “Lafiya? Wa yar rasu kuma?”

Na ce babu kowa. Muka koma gindin wata kanya. Bai iya karanta boko ba, don haka ni na karanta masa takardar sallamar, ina juya masa ita da Hausa layi bayan layi. Ya saurara har ƙarshe. Ya tambayi ranar da aka rubuta ta, na faɗa. Ya tambayi ranar da ta zo hannuna, na faɗa. Ya dubi Baffa, ya dube ni, ya ce, “To.” Ya karɓi alƙalami ya sa hannu a takardar ƙarar inda na nuna masa. Sannan ya ce in ba shi ɗan lokaci, saura shanu shida bai yi musu ba, ya tashi ya je ya gama.

Ƙarar ta shiga a kwana na goma sha bakwai. Bayan wata ɗaya aka kira mu Gummi, inda kwamitin zai zauna. Ƙungiya ta turo mana wakili daga birni, mutum mai kaifin baki wanda ya saba irin wannan zama. Ya karanta ƙarar ya ce wannan ko makaho ya ci ta. Game da makara kuwa ya ce kada mu damu, ai kwanakin suna farawa ne daga ranar da takarda ta shiga hannun mai ita, kuma in wani ma'aikaci ya karɓa ya manta da ita a aljihu, laifin ofis ne da bai kai hannu da hannu ba. Na ji sanyi a raina, har na ci abinci a ranar.

An yi zaman a wani ajin makaranta, an haɗa tebura biyu, mutum biyar a bayansu. A waje, gindin bishiya, ardo uku ne da makiyaya fiye da ashirin, sun yi tafiyar kwana biyu a ƙasa don su faɗi ranar da ya zo garkensu da ranar da ya tafi. Shugaban kwamitin dattijo ne mai furfura, ya yi mana ta'aziyya kafin komai. Sannan ya ce a kawo littafin karɓar wasiƙu. Ya buɗe, ya gyara tabarau, ya juyo da shi wajen wakilinmu ya ɗora yatsa a kan hatimin.

Wakilin ya duƙa ya duba. Ya juyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, “Malam, kai ka buga wannan?”

Na ce ni ne.

Ya ce, “Me ya kai ka?”

Akwai wani layi a littafin ƙa'idojin, ƙungiya ce ma ta yi faɗa aka sa shi don kare ma'aikata: takardar da aka miƙa wa sakataren reshe a matsayinsa na sakatare, daidai take da wadda aka miƙa wa ma'aikacin. Da sunana kaɗai ne a wurin, da mai sito ne ya karɓa. Hatimin ya mai da ni ƙungiya. Kwanakin sun fara daga Litinin ɗin nan.

Na nemi izini na miƙe. Na faɗi komai, rasuwar, da tabarmi, da bakwai, da yadda aka yi ta juya ni a daji. Na ce laifina ne, a hukunta ni, a bar shi. Dattijon ya saurare ni bai katse ni ba. Ya ce, “Malam, da ni ne a wurin nan, wallahi ban san ko zan iya miƙa masa ba. Amma ba mu da ikon buɗe ƙarar da ta makara. In mun buɗe, can sama za a rufe, a ce mun yi son kai.” Wakilan ma'aikata biyu suka yi ta roƙo, aka fita da mu aka yi shawara, aka dawo da mu. Ba a karanta shafi biyun nan ba. Ba a kira ardo ko ɗaya ba. Ni na fita na faɗa musu su koma gida, suka yi ta tambayata ko an ce ƙarya suke yi, na ce ba a ma kai nan ba.

Sabon shugabanmu ya same mu a bakin ƙofa, idonsa ya yi ja. Ya ce bai san da rasuwar ba, kuma a watan nan ya fara gane abin da aka rasa, domin garkuna sun daina fitowa. Ya ce zai rubuta a mayar da shi. Ya kuwa rubuta, na ga takardar da idona. Amsar da ta zo ita ce ana rage ma'aikata a ko'ina, gurbin da ya faɗi ba a cike shi. Na rubuta wa uwar ƙungiya sau uku. Na je birni da kuɗin motata na zauna a benci yini biyu. Kowa ya ji labarin sai ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta.

Ana gab da saukar damina ya zo Anka mayar da kayan aiki, kuma ni ne mai karɓa. Ya tsaya a bakin ƙofar sito ya yi sallama, ya jira na ce ya shigo. Ya zazzage jakar a kan tebur: sirinji biyu na ƙarfe, allurai a cikin gwangwani, tukunyar da yake dafa su, igiyar kayar da sa. Duk ya wanke su. Na haɗa shayi, ya karɓa ya riƙe. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce babu komai, haka Allah ya rubuta, kuma ya san don shi na yi. Ya ce danginsa za su tashi zuwa kudu bayan kaka, zai bi su, ga jaririyar da aka bari, wani ya kamata ya tsaya mata.

Ya ajiye kofin bai sha ba. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya yi maganar da Fulatanci, a hankali, kamar mai tambayar hanya. Ya ce, “Abu ɗaya nake ta tunani. Ranar da ka zo ka same ni a kan tabarma, me ka ga takardar nan za ta ƙara mini? A duk kwanakin duniya, ranar nan ce kaɗai da ka ba ni ita ba zan ji nauyinta ba. Da na sa maka hannu ban ma tambaye ka ta mece ce ba.”

Ya tura kekensa ya fita.

A taron reshe na gaba na ajiye sakatarci, na ce gwiwa ta hana ni yawo. Bayan kaka rugar ta tashi. Na yi ta aika gaisuwa ta bakin masu zuwa kasuwannin shanu, sau biyu amsa ta dawo cewa yana lafiya yana gaishe ni. Bayan wasu shekaru wani makiyayi ya ce mini ya gan shi can kudu yana kiwon shanun wani mai kuɗi, har yanzu in saniya ta kwanta shi ake kira, sai dai ba shi da abin yi mata sai jiƙo. Daga nan ban sake jin labarinsa ba.